Yadda ake ɗanɗana wiskin singil molt na Amurka, irin wanda ake fitarwa kaɗan a shekara

Tun kafin muyi nisa bari in share hanya. Wiski giya ce, giya mai ƙarfi ma kuwa, kuma na san mafi yawan masu karanta Hausa musulmi ne da addininsu ya haramta musu ita, toh ni ban zo kiran kowa ya fara sha ba, wanda baya sha yaci gaba da zamansa a haka, ya ma fi masa lafiya. Bayanin nan na baligi ne wanda dama can yana taɓawa, da kuma 'yan'uwa masu aiki a otal da gidajen abinci a ƙasashen waje, waɗanda baƙo zai nuna musu kwalba yace ya wannan take, su tsaya suna kame-kame. Su waɗannan ko ɗigo ba sai sun kai baki ba, don mafi yawan aikin hanci ne ke yinsa ba maƙogwaro ba. Abinda ke min ciwo shine inga mutum ya samu kwalbar da aka kwashe shekaru ana renonta, aka fitar da 'yan dubbai kawai a duniya gaba ɗaya, ya cika kofi da ƙanƙara ya tuttula lemon kwalba a kai ya ɗaga kai ya shanye. Kuɗinsa ne, gaskiya ne, amma bai san abinda ya sha ba.

Mataki na farko baya buƙatar kofi ma, ka ɗauki kwalbar ka karanta takardar dake jikinta a nutse. Singil molt na Amurka yanzu yana da doka a kansa. Hukumar TTB, wadda ke kula da harajin giya da taba a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi ta Amurka, ta fitar da ƙa'idar a watan Disamba 2024, ta fara aiki ran 19 ga Janairu 2025, bayan masu matatun, wato kamfanonin da ke tace wiskin, sun daɗe suna neman hakan, tun 2016 suka kafa ƙungiyarsu don wannan magana. Ƙa'idar tace dole ya zama daga tsiron sha'ir zalla aka yi shi, ba masara ba alkama, kuma matata ɗaya ce ta tace shi gaba ɗaya, a Amurka aka dama a Amurka aka tace a Amurka ya kwana a ganga. Gangar ta zama ta katakon itacen nan da suke kira ok, kada ta wuce lita 700, ƙarfin barasa lokacin tacewa kada ya haura kashi 80 cikin 100, a kwalba kuma kada ya gaza kashi 40. In kaga an ƙara kalmar straight a jiki toh yayi aƙalla shekara 2 a ganga. Tsiron sha'ir ɗin ba wani baƙon abu bane, yadda ake jiƙa dawa a barta ta tsiro a shanya kafin ayi burukutu, haka suma suke yiwa sha'ir, tsirowar ce ke sa garin cikin ƙwaya ya iya juyewa ya zama sukari.

Inda ya bambanta da boban, wato wiskin da aka fi sanin Amurka da shi, shine boban dole masara ta kai kashi 51 kuma dole sabuwar ganga da aka babbake cikinta. Shi singil molt ba a ɗaure shi da sabuwar ganga ba, mai matata zai iya zuba shi a tsohuwar gangar boban, ko wadda aka taɓa ajiye giyar inabin sheri ta Sifen a ciki, ko sabuwa fil, ko ya haɗa duka. Wannan 'yancin ne yasa fitowar musamman ɗin nan kowacce da halinta. Matatar Westland, da aka kafa a birnin Siyatil a 2010, tun 2016 suke fitar da Garryana, wanda wani ɓangarensa ke kwana a gangar wani jinsin ok da yake fitowa a yankin arewa maso yammacin Amurka, itace ne mai wuyar samu shi yasa ba a iya yinsa da yawa. Stranahan's a Denba ta jihar Kolorado suna da Snowflake da suke fitarwa a Disamba, mutane har kwana suke a layi cikin sanyin nan a ƙofar matatar don su samu. St. George a Kalifoniya tun 2000 suke fitar da nasu da lamba-lamba. Del Bac a Arizona kuma da hayaƙin icen meskit suke busar da tsiron wani nasu. Shi kuma wanda ake ɗauka a matsayin na farko a wannan layi, McCarthy's na jihar Oregon da ya fito a shekarun 1990, da sha'ir mai hayaƙin fit daga Sikotilan aka yi shi, fit ɗin wata baƙar ƙasar fadama ce da ake busarwa a ƙona kamar itace.

Toh a jikin takardar abu huɗu zaka nema: ƙarfin barasa, irin gangar, shekaru in an rubuta, da lambar fitowa ko lambar ganga. Amurkawa suna yawan rubuta ƙarfi da furuf, lissafin mai sauƙi ne, ka raba biyu, furuf 100 shine kashi 50, furuf 120 kashi 60. In an rubuta cewa da ƙarfin ganga aka ɗura shi, ma'ana ba a sirka da ruwa ba, sau da yawa zaka ganshi tsakanin 55 zuwa sama da 60, wannan ka shirya masa ruwa tun yanzu. Kada ƙarancin shekaru yasa ka raina shi. A Sikotilan inda ake sanyi, wajen kashi 2 cikin 100 ne ke tashi daga ganga duk shekara, amma a wuri irin Wako ta jihar Tekzas inda matatar Balcones take, zafi da sauyin yanayi suna sa ruwan ya dinga shiga katako yana fitowa da sauri, ɗan shekara 4 a can zai iya ɗaukar katako fiye da ɗan shekara 12 na Sikotilan. Wani lokacin alheri ne wani lokacin kuma katakon ya danne komai, zamu zo kan wannan. Ka kuma duba hatimin murfi da kyau, musamman in ba daga hannun dillali mai lasisi ka saya ba, don kwalba mai tsada ita 'yan jabu suka fi bi, kuma giyar jabu mai metanol, wata irin barasa mai guba, tana makantar da mutum tana kisa.

Na biyu, ka shirya kanka da wurin. Kaci abinci kamar awa ɗaya kafin nan, amma ba mai yaji ko tafarnuwa ko albasa ɗanya ba, kada ka tauna goro, kada kasha sigari, kada ka goge baki da man goge baki dab da lokacin. Turare shine babban abokin gaba a nan, mu kuma mutane ne masu son turare, toh ranar ka haƙura, na jiki da na wuta duka, ka wanke hannu da ruwa zalla don ƙamshin sabulu a yatsa kaɗai ya isa ya rikita maka hanci. In kana mura ka ɗage zuwa wani lokaci, asara kawai zaka yi. Ɗakin ya zama da haske, nesa da kicin. Ka tanadi ruwan sha mara ɗanɗano wanda ba mai sanyi ƙarara ba, ƙaramin cokalin shayi ko sitiro na ɗiga ruwa, farar takarda, biro da littafi, sai busasshen biskit mara sukari ko burodi. In inda kake ana zafi sosai, kada ka bar kwalbar tayi ɗumi, don ɗumi na sa barasar ta dinga tashi tana dukan hanci, wajen digiri 18 zuwa 20 shine daidai, ka ajiye ta a wuri mai sanyi-sanyi na ɗan lokaci ya wadatar.

Kofi kuma ba kowanne ba. Faffaɗan tambulan ɗin nan da ake gani a fim ƙamshi guduwa yake daga cikinsa. Kana son mai ɗan tumbi a ƙasa da tsukakken baki a sama, wanda aka fi amfani da shi shine Glencairn da wani kamfanin Sikotilan ya fito da shi a farkon shekarun 2000, in babu toh ƙaramin kofin giyar inabi mai tsukakken baki zai yi. Ka ɗauraye shi da ruwa sosai ka barshi ya bushe da kansa, ka shinshina shi tun babu komai a ciki, in kaji warin kabad ko sabulu ka sake wankewa.

Ka zuba mililita 15 zuwa 20, wajen cokalin shayi 3 zuwa 4 kenan, kada ka wuce haka. Sai ka ajiye ka ƙyale shi minti 10. Mutane basa son wannan jiran amma yana da dalili, abinda ya fi saurin tashi daga kofi shine zafin barasa, in ka bashi lokaci ya ɗan lafa sai ƙamshin dake ƙarƙashi ya samu hanya. Sabuwar kwalba da yanzu aka fasa ma ta fi buƙatar haka, na sha ganin wiskin da ranar farko yake a ƙulle kamar baya son magana, bayan sati biyu da buɗewa ya saki jiki.

Kana jira sai ka duba kala, ka ɗaga kofin a gaban farar takarda. Fari-fari kamar ruwan zuma da aka sirka yawanci tsohuwar gangar boban ce, ja-ja mai duhu ko sabuwar ganga ce ko ta sheri. Ban cika ɓata lokaci a nan ba don dokar ta yarda a saka kalar karamel, wato ƙonannen sukari, in dai an bayyana a takarda, kuma duhu baya nufin kyau. Layin da ke gangarowa a jikin gilashi in ka juya shi, wanda wasu ke ta yayatawa, ƙarfin barasa yake nunawa da ɗan kaurin ruwan, ba shaidar inganci bane.

Yanzu ga inda aikin yake, hanci.

Kada ka cusa hanci cikin kofin ka ja numfashi da ƙarfi, abu mai kashi 50 ko 60 zai ƙona maka hanci ya kashe shi na wasu mintuna, daga nan duk abinda ka shinshina iri ɗaya zaka ji. Ka riƙe kofin daidai haɓarka tukuna, ka ɗan buɗe baki, kayi numfashi yadda ka saba, a hankali ka dinga ɗago shi har bakin kofin ya zo ƙasan hanci, da kaji ya fara yaji sai ka ja baya kaɗan, nan ne mazauninka. Shaƙa gajere-gajere sau biyu ko uku, ka kawar da kofin, ka huta, ka dawo. Buɗe bakin nan yana rage zafin sosai, gwada da rufe da buɗe zaka ji bambanci da kanka. Ka gwada ƙofar hanci ta dama daban ta hagu daban, don a kowane lokaci ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Ka kuma karkata kofin, gefen baki na ƙasa ya fi kawo ƙamshi mai nauyi irin na katako da hayaƙi, na sama ya fi kawo mai sauƙi irin na 'ya'yan itace da fure. In hancin ya gaji ka shinshina bayan hannunka ko lanƙwasar gwiwar hannu inda babu mai, warin jikinka ne hanci ya saba da shi, yana mayar da shi daidai.

Me kake nema? Ni nakan raba shi gida uku a kaina don kada in ruɗe. Akwai abinda ya fito daga hatsi, garɗi irin na gasasshen hatsi, burodi mai zafi, biskit, wani lokacin har cakulan ko kofi, don da yawa daga masu matatun Amurka daga sana'ar giyar biya suka fito, suna haɗa tsiron da aka gasa har yayi duhu, Westland misali kala 5 na tsiro suke haɗawa a ainihin girkinsu. Akwai abinda ya fito daga yis da tsimuwa, nan ne ake jin tuffa, ayaba, bawon lemo, wani lokacin fure. Sai abinda ganga ta bayar, banila da kwakwa daga farin ok na Amurka, kanumfari da kirfa da masoro daga katakon da aka gasa, zabibi da dabino da busassun 'ya'yan itace daga gangar sheri. In akwai hayaƙi kuma ka tambayi kanka wane iri, na fit yana zuwa da warin ƙasa da magani kamar na asibiti, na meskit kuwa ya fi kama da gashin nama a kan gawayi.

Shawarar da na fi riƙewa da muhimmanci a duk bayanin nan: ka faɗi abinda hancinka ya sani. Takardar kamfani zata lissafo maka sunayen 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙin da wataƙila baka taɓa gani ba balle ka shinshina, in ka haddace su kana maimaitawa toh bakin wani kake ara. Wanda ya tashi da mazarƙwaila da tsamiya da kanumfari da citta da aya da kilishi da kifi banda yana da rumbun ƙamshi a kansa da ya ishe shi. Bari in baka misali da Garryana, wanda yawanci a kashi 50 yake fitowa. Da na kai shi hanci, abinda ya fara zuwa min mazarƙwaila ce, mai duhun nan da ta ɗan kama tukunya, bayanta kanumfari ƙarara, sai wani ƙauri mai daɗi kamar gefen tsire da wuta ta lasa, can ƙasa kuma tsami-tsami mai zaƙi irin na jiƙaƙƙiyar tsamiya. Bayan minti 15 ƙaurin ya ja baya zabibi ya fito. Wani zai zauna gefena da kofi ɗaya yace shi kofi yaji da cakulan, kuma duk mu biyun babu mai ƙarya, kowa da abinda ƙwaƙwalwarsa ta ajiye. Shi yasa nake cewa ka rubuta naka kafin ka karanta na kamfani ko kaji na abokin zama, don da an ce maka akwai ayaba toh sai kaji ayaba ko babu.

Ka kuma san warin da ke nuna matsala. Warin ashana da aka ƙyasta ko ruɓaɓɓen ƙwai farar wuta ce, tana iya zuwa daga gangar giyar inabi da aka turara da ita. Warin maganin goge farce mai kaifi, in yayi yawa, alama ce ta tacewar da ba a yanke daidai ba. Warin jiƙaƙƙen kwali ko rumfar da ta daɗe a rufe, wani lokacin murfin toshiya ne ya lalace. Kaɗan daga na farkon wasu ma suna so, amma in shine ya rufe komai toh ka rubuta haka, tsadar kwalba bata wanke shi.

Wanda aikinsa bayani ne kawai ga baƙi zai iya tsayawa a nan, ya riga ya samu abin faɗa. Wata dabara ma, ka ɗiga ɗigo biyu a tafin hannu ka murza har ya bushe ka shinshina, barasar ta tashi ta bar maka ƙamshin hatsin zalla.

Mai ci gaba kuma, kurɓar farko 'yar mitsitsiya ce, wadda zata jiƙa harshe kawai, kuma kada ka yanke hukunci da ita don baki bai saba ba tukuna, zafi kawai zaka ji. Ka jira kamar rabin minti. Kurɓa ta biyu ita ce ta gaske, wajen rabin cokalin shayi, ka riƙe a baki daƙiƙa 8 zuwa 10, ka juya shi a hankali ya taɓa ko'ina, gaban harshe da gefe da ganda, kana motsa baki kamar mai tauna. Ka lura da abu biyu daban. Na ɗaya jikinsa, yana da maiƙo da kauri ne ko tsinkakke ne kamar ruwa, yana da laushi ko yana tsikari. Na biyu tafiyar ɗanɗanon, da me ya fara, me ya biyo a tsakiya, ina ya dosa. Wiski mai kyau yana tafiya, ya fara da zaƙi ya juya garɗi ya ƙare da yaji misali, mara kyau kuma abu ɗaya zai tsaya a kai ko ya watse ba tsari. Sai ka haɗiye, ko ka tofar a wani kofi in kana gwada kala da yawa, masu wannan sana'a tofarwa suke kuma ba abin kunya bane. Da ka haɗiye ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci a hankali, a nan ne ƙamshi ke bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, kuma sau da yawa abinda baka ji ba a kofi a nan zai bayyana.

Abinda ya saura a baki bayan haɗiya shima ka bashi lokacinsa, kada ka yi saurin kora ruwa. Ya daɗe ko ya ɓace nan take, kuma me ya bari. A nan matsalar katakon da na ambata take fitowa, in bakinka ya bushe yayi bauri kamar ka tauna ɗanyen goro, harshe na kamawa, ɗaci ya zauna a can baya ya ƙi tafiya, toh ganga ta fi ƙarfin ruwan. Wannan ya fi faruwa da ƙananan ganguna da wuraren zafi. Ɗan bauri kaɗan yana gyara zaƙi, mai yawa kuwa aibi ne.

Sai ruwa. Akwai masu ganin saka ruwa a wiski mai tsada raini ne, ban yarda da su ba ko kaɗan, don su kansu masu haɗa wiski a matata sukan sirka shi har zuwa wajen kashi 20 in zasu shinshina. A 2017 wasu masana biyu a jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna cewa sirkawa na tura wani sinadarin ƙamshi mai suna gwayakol zuwa saman ruwan inda hanci zai same shi. Yadda zaka yi shine ɗigo 3 ko 4 da farko, ka juya, ka jira minti ɗaya ko biyu, ka sake shinshinawa ka kurɓa. In kana son lissafi, mililita 20 mai kashi 50 in ka ƙara masa cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, ya sauko 40. Mai kashi 60 kuma cokali biyu yake so kafin ya sauko 40. Amma kada ka zuba gaba ɗaya, bi da kaɗan-kaɗan, don akwai gaɓar da zai buɗe ƙamshi ya tashi, in ka wuce ta sai ya zama salam kuma ba a dawo da shi. Wanda aka ɗura a 43 ko ƙasa da haka sau da yawa baya buƙatar komai. In kaga ya ɗan yi hazo bayan ruwa kada ka tsorata, alama ce ba a tace shi da sanyi an cire maiƙonsa ba, ni na ma fi son haka. Ƙanƙara kuwa ka barta sai wani zama, sanyi rufe ƙamshi yake.

In kana da hali ka ajiye kofi na biyu a gefe da wiskin yau da kullum na wannan matatar, wanda ake samu ko yaushe. Wannan ne kaɗai zai nuna maka ko fitowar musamman ɗin ta cancanci ƙarin kuɗinta, ka fara da mai sauƙin ƙarfi ka ƙare da mai ƙarfi, mai hayaƙi kullum a ƙarshe, ruwa da biskit a tsakani. In da wanda zai zuba maka ba tare da ka san wanne ne wanne ba ya fi, zaka sha mamakin yadda sanin farashi ke juya harshe. Ra'ayina dai, ƙarancin kwalba ba shine daɗi ba, wasu fitowar gwaji ne mai matata yake yi kuma gwaji yana iya faɗuwa, wasu kuma da gaske sun taka abinda babu shi a ko'ina, irin su Garryana da katakonsa baya kama da na kowa. Kada ka wuce kala 3 ko 4 a zama ɗaya, bayan haka hanci da harshe sun gama aiki.

A littafinka ka rubuta kwanan wata, sunan wiski da lambar fitowa, ƙarfi, ganga, abinda kaji a hanci, a baki, bayan haɗiya, da abinda ruwa ya canza. Lambar fitowar kada ka manta da ita don ta bana da ta baɗi ba ɗaya bane ko da suna ɗaya ne. Kofin da ka gama da shi kuma kada ka wanke, ka rufe shi da 'yar takarda ka dawo bayan awa ɗaya ko da safe ka shinshina, ƙamshin ganga tsantsa zaka samu.

Maganar adadi ba ta wasa bace. A ma'aunin Amurka sha ɗaya shine giram 14 na barasa, wato mililita 44 na mai kashi 40, amma in mai kashi 60 ne mililita 30 ma ta kai, kaga kofi uku na gwaji masu mililita 20 daga irin wannan ya zama sha biyu cif. A dokar Amurka sai ɗan shekara 21 ake sayarwa giya. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce bashi da illa ga lafiya, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Mai ciki, mai ciwon hanta ko gyambon ciki, mai shan maganin da baya jituwa da giya, da wanda ya san in ya fara baya iya tsayawa, duk su tsaya a hanci ko su bar shi gaba ɗaya. Wanda ya kurɓa kuma kada ya taɓa sitiyari ranar, ya shirya wanda zai kai shi gida tun kafin a buɗe kwalba.

Ajiya kuma a tsaye ake yi ba a kwance ba, don ƙarfin barasar yana cin toshiyar murfi. Nesa da rana da zafi, cikin kabad. Wiski baya ƙara tsufa a kwalba, ɗan shekara 5 ko ya shekara 20 a ajiye ɗan shekara 5 ne. In kwalbar ta sauko ta rage kamar kashi ɗaya cikin uku, iskar dake ciki zata fara cinye ƙamshin a hankali cikin watanni, toh sai ka juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai tsabta wadda zata cika har wuya, ka rufe da kyau, ka manna takarda da suna da lambar fitowa a jiki.